Akwatin da Gwaggo Ba Ta Karanta Ba

Litinin, 3 ga wata, bayan an tashi daga makaranta

Sakamakon jarrabawar gwaji ya zo yau. Yaran ajina shida, sifili shida. Ba faɗuwa suka yi ba. Takardar hukumar jarrabawa ta ce babu amsa ko ɗaya da ta iso daga makarantarmu, kamar ba su zauna ba. Alhali ina tsaye a bakin ƙofa ranar, awa biyu cur, ina kallon yatsunsu suna yawo a kan madannai kamar masu tsintar wani abu a cikin ruwa.

Bana ne karo na farko da za a bar makafi su rubuta jarrabawar fita da kansu a kwamfuta. Muryar da ke karanta musu abin da ke kan fuskar kwamfuta tana faɗa musu tambaya a kunne, su kuma su danna amsa. Yaran suna kiran muryar nan Gwaggo, wai don ba ta gajiya da magana, kuma ba a wuce komai ba ta tofa ba.

Ni ce na gwada manhajar jarrabawar watanni biyu da suka wuce. Hukumar ta nemi malamar da ta san aikin, Shugaban makarantarmu ya ba da sunana. Na yi yadda aka koya mana a kwas: na lulluɓe fuskar kwamfuta da tawul, na cire linzamin kwamfutar na jefa a aljihun tebur, na sa abin kunne, na bi ta daga farko har ƙarshe. Rahoto shafi huɗu, na sa hannu a ƙasa cewa makaho zai iya shi kaɗai.

Takardar ta ce idan ba a gano dalili ba kafin ranar 21, ranar da za a kulle manhajar, a koma tsarin da: kowane yaro a ba shi mai karanta masa da rubuta masa. Jarrabawar kuma ranar 27 ce.

Hadari ya haɗu tun azahar, bai zubar ba.

Talata, 4 ga wata, lokacin hutun safe

Na gaya musu. Dogo, wanda ƙafafunsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur, ya ce tunda kowa sifili ne, yau dai ya kamo Lauya. Aka yi dariya, ban da ita.

Lauya shekarunta goma sha bakwai. Sunan ya bi ta ne saboda gardama, kuma da gaske shari'a take so ta karanta. Tana sauraron Gwaggo da saurin da ni ba na tsintar ko kalma ɗaya a ciki, sai dai ƙara kamar ruwa a kan kwanon rufi. Ta ce ita dai ba za ta zauna da mai karantawa ba, ko da za ta rasa shekarar. Wanda aka ba ta a jarrabawar aji uku, in ta faɗi amsa ba daidai ba sai ya ja numfashi, in ta faɗi daidai sai alƙalaminsa ya yi sauri. Ta fito da maki mai kyau, amma har yau ba ta san nata ne ko na numfashinsa ba.

Na tambaye su me ya faru a ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya. Bakinsu ɗaya: sun gama, sun je kan maɓallin aikawa, Gwaggo ta ce aika, sun danna maɓallin Enta, sai ta yi shiru. Suka ɗauka an gama, suka cire abin kunne suka zauna har aka kaɗa ƙararrawa.

Na ce zan duba.

Laraba, 5 ga wata, da safe

Ban duba ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Kowa ya tafi. Ɗakin kwamfuta yana da wani irin shiru da yamma, fankoki a kashe, hasken taga yana kwance a kan kujeru goma sha biyu. Na daɗe ina zaune ina kallon ƙura tana iyo a cikin hasken kafin na kunna.

Na yi kamar yadda na yi wancan karon. Tawul a kan fuska, abin kunne, tambaya ta ɗaya har ta arba'in. Na je kan aikawa, na danna, Gwaggo ta ce an karɓi amsoshinki. Lafiya lau. Har na fara jin sanyi a raina.

Na sake. Wannan karon na saurari yatsana, ba Gwaggo ba. Sau biyu yake dannawa. Tak, tak. Ban aike shi ba, shi kaɗai yake yi.

Karo na uku na danna sau ɗaya, na riƙe hannuna da ɗayan hannun. Shiru. Na ɗaga tawul. Ga shi nan a tsakiyar fuskar, ɗan akwati shuɗi, yana tambaya ko na tabbata ina so in aika, eh ko a'a. Yana nan yana jira, Gwaggo ba ta san da shi ba.

Na san akwatin nan. Ranar da Injiniya, saurayin da kamfanin da ya yi manhajar ya turo, ya zo nuna mana ita, ya haska ta a bango muka gani duka. Na ga shuɗin ya fito, na ga ya danna sau biyu da sauri yana ci gaba da magana. Washegari na zo na lulluɓe tawul na yi gwaji. Kwamfutar na rufe, amma bangon nan yana nan a haske a cikin kaina.

Na ninke tawul ɗin, na sake warware shi, na sake ninkewa. Mai gadi ya leƙo ya ce zai kulle.

Juma'a, 7 ga wata, da hantsi

Injiniya ya kira. Yaro ne mai ladabi, sai ya gaishe ni ya tambayi gida da yara kafin ya shiga magana. Ya ce sun bincika a wajensu komai lafiya, masu gani dubbai sun rubuta ba matsala. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne rahotona yana gabansa, shafi na huɗu, aikawa ta yi aiki ba tangarɗa. Ya tambaya ko dai yaran ne suka ruɗe, tunda sabon abu ne.

Na ce mai yiwuwa.

Bayan ya kashe na daɗe da wayar a kunne.

Asabar, 8 ga wata, bayan azahar

An yi ruwa tun safe. Na kishingiɗa a falo da littattafan gyara a cinya, barci ya ɗauke ni. Na ganni a wani dogon gida mai ƙofofi da yawa, duk shuɗaye, ba wadda aka rubuta wa suna. Yarana suna tafe a jere, kowa hannunsa a kafaɗar na gaba, ina gaba ina buɗe musu. Sai na waiwaya na ga ashe ni kaɗai nake wucewa, su suna tsaye tun a ƙofar farko, suna jira cikin natsuwa, Dogo har yana ɗan waƙa.

Na farka Maigida yana tsaye a kaina da kofin shayi, ƙurar katako a girarsa, ya dawo daga shagonsa na kafinta saboda ruwa. Ya ce Malama yau jan biro ya gaji ke nan, ya ga na ba wani yaro maki a kan zanena. Na duba, gaskiya ne, biron ya zuba.

Ban gaya masa ba.

Litinin, 10 ga wata, bayan an tashi

Na koya musu. Na ce idan kun zo kan aikawa ku danna Enta sau biyu, ba sau ɗaya ba. Muka gwada, duka shida Gwaggo ta ce an karɓa. Dogo ya mayar da abin kiɗa, yana buga tebur tak tak, sauran suna amsa masa, har malamin aji na kusa ya aiko a tambaya ko lafiya.

Shugaba ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce zai rubuta wa hukumar cewa rashin sabo ne, an yi wa yara ƙarin horo, an warware. Ya ce dama ya san in dai ni ce, ba za a ji kunya ba. Hukumar nan ita ta ba mu kwamfutocin, yana so su gan mu da kyau.

To, ai an warware. Za su zauna da kansu. Ba abin da muke so ke nan ba?

Talata, 11 ga wata, da safe

An warware.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyu

Lauya ta tsaya bayan an fita, wai sandarta ta shige ƙarƙashin benci. Ba ta shige ba, tana hannunta a naɗe.

Ta ce ta yi ta tunani. Gwaggo ba ta ce a danna sau biyu ba, takardar umarni da aka buga mana da rubutun makafi ba ta ce ba. Ta juyo da fuskarta daidai inda nake, kamar yadda take yi in tana son mutum ya san da shi take.

"Malama, ke ta yaya kika sani?"

Na ce gwaji ne kawai, na yi ta gwadawa har na dace.

Ta ce to. Ta warware sandarta a hankali, gaɓa gaɓa, kowace gaɓa da ƙararta. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, wai tsakanin dannawa ta farko da ta biyu ita tana jin kamar akwai wani a tsaye a ɗakin bai yi sallama ba.

Shekara huɗu ina koya wa yarinyar nan kada ta yarda da amsar da ba a gaya mata dalilinta ba.

Alhamis, 13 ga wata, lokacin hutun rana

Yau ta zo da wata. Tana da ƙawa a wata makarantar, ba su taɓa haɗuwa ba, saƙon murya suke yi wa juna. Su can ba a yi musu jarrabawar gwaji ba, kwamfutocinsu ba su iso da wuri ba. Ta tambaye ni ko ta gaya wa ƙawar ta danna sau biyu. Na ce ta gaya mata. Ta ce to sauran fa, waɗanda ba su da ƙawa a nan?

Na je ofis na nemi jerin sunayen masu jarrabawar. Makafi arba'in da bakwai ne za su rubuta bana. Shida namu. Wasu ma ba a makaranta suke ba, daga gida suka yi rajista.

Na zauna a ƙarƙashin bishiyar bakin ofis ina ƙirgawa a yatsu ba dalili, ai na iya lissafi. Arba'in da ɗaya. Ina ganinsu kowa a ɗakinsa, sun cire abin kunne, sun ɗora hannu a cinya, suna murmushi.

Asabar, 15 ga wata, da hantsi

Na kai wa Maigida abinci shago. Yana goge wata ƙofa, ya kwantar da ita a kan benci, ƙanshin katako ya cika wurin. Na zauna a kan buhun ƙura na gaya masa duka, tun daga bango har zuwa tak tak. Bai daina gogewa ba.

Da na gama ya tambaye ni ko laifi ne mutum ya ga abu ya tuna. Na ce ba laifi ba ne, amma bai kamata wanda ya gani ya yi gwajin ba, kuma na san haka, yana cikin abin da ake koyarwa ranar farko. Na so ne a ce ni ce. Shugaba ya kira sunana a gaban malamai na ji daɗi, ban ce a kawo ɗaya daga cikin yaran ba.

Ya hura ƙurar da ke kan ƙofar. Ya ce shi dai kwana goma ke nan yana cin abinci ba gishiri bai yi magana ba, yana jiran in gama abin da nake yi a cikin kaina. In wasiƙa ce a rubuta, don Allah, ko gishiri ya dawo gidan.

Na yi dariya har hawaye, daga nan kuma hawayen suka ƙi tsayawa. Ya miƙo mini tsummansa mai datti, na karɓa.

Lahadi, 16 ga wata, da yamma

Na rubuta layi uku. Na yaga biyu.

Litinin, 17 ga wata, bayan an tashi

Na shiga wurin Shugaba. Na ce ranka ya daɗe, wasiƙar da ka aika ba daidai ba ce, kuma ni na jawo. Ya saurara har ƙarshe yana juya biro. Ba mugun mutum ba ne, shekara ashirin yana roƙon a ba makarantar nan abin da ake ba sauran.

Ya ce in bari sai bayan jarrabawa. Zai kira shugabannin sauran makarantu da kansa ya gaya musu sau biyu ake dannawa, ba wanda zai cutu. In na janye sa hannuna yanzu, kwana huɗu kafin a kulle, hukumar za ta iya cewa manhajar ba ta gwadu ba, a mayar da kowa kan mai karantawa, har Lauya. Ya tambaye ni ko na shirya in gaya mata haka da bakina.

Na tambaye shi waɗanda suka yi rajista daga gida fa, wa zai kira su. Ya ce ba za a rasa hanya ba. Ya kalli taga.

Wannan ban yi tunaninsa ba, cewa faɗin gaskiyar zai iya kai ta wurin mai jan numfashi. Na taho gida a ƙafa, ban hau mota ba. Titin ya jiƙe, gidaje duk suna tsaye a kife a cikin ruwan da ya kwanta, ina taka su suna watsewa suna haɗuwa.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na gaya wa ajin. Na ce akwai akwati a tsakanin dannawa biyun, yana tambayarku ko kun tabbata, ku ba kwa jinsa. Ni na gan shi tun kafin in yi gwaji, shi ya sa ban lura da shirun ba, kuma na sa hannu. Sifilinku nawa ne. Na gaya musu abin da Shugaba ya ce zai iya faruwa in na rubuta.

Sai Dogo ya ce ashe Malama ma tana satar amsa. Wani ya buge shi da littafi.

Na juya wurin Lauya na ce ita abin zai fi shafa. Ta daɗe tana murza igiyar abin kunne a yatsa.

"Wato mako guda ke nan ina cewa eh, ban ji tambayar ba."

Na ce haka ne.

"Ki rubuta, Malama. In sun kawo mai karantawa zan zauna a gida, ba komai. Amma ki rubuta."

Na aika da ƙarfe sha biyu, ga hukumar da kamfanin, na sa Shugaba a kwafi.

Laraba, 19 ga wata, da yamma

Injiniya ya zo da kansa, da jakarsa a baya, rigarsa ta jiƙe. Bai ce mini komai a kan wasiƙar ba sai dai ya gode. Na so ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Na zaunar da Lauya a gaban kwamfuta, na koma bayan aji na zauna a kujerar yara, hannuwana a ƙarƙashin cinya. Ta rage wa Gwaggo sauri saboda baƙo, ta cire abin kunne don kowa ya ji. Ta bi tambayoyin, ta danna aikawa sau ɗaya, ta naɗe hannu. Aka yi shiru. Injiniya yana kallon akwatin shuɗi, ita tana fuskantar bango, fanka tana juyawa. Ta bar shi ya yi minti guda cur a haka.

Sannan ta ce, yallaɓai, tunda ka zo, akwai saura. Agogon da ke ƙirga lokaci Gwaggo ba ta faɗarsa, sai dai mutum ya ji ƙararrawa. Tambaya ta goma sha biyu akwai zane, abin da Gwaggo ke cewa kawai hoto, hoton me, oho. Duk waɗannan na wuce su a rahotona. Agogon na san yana kusurwar dama, zanen na san alwatika ne.

Injiniya ya nemi aron tawul ɗin. Ya lulluɓe tasa kwamfutar, ya rufe ido, ya yi ƙoƙarin bi. A tambaya ta uku ya ɓata. Dogo ya ce masa kada ya damu, in ya dage zai iya shiga aji ɗaya baɗi.

Injiniya ya ce saura kwana biyu a kulle, zai gwada, bai yi alkawari ba. Gyaran ba wuya, in ji shi, amincewar hukuma ce wuya.

Alhamis, 20 ga wata, da safe

Shugaba ya amsa gaisuwata da kai.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Yau ake kullewa. Ba kira, ba takarda. Na share ɗakin kwamfuta, na goge madannai ɗaya bayan ɗaya da auduga, har waɗanda ba a amfani da su. Lauya ba ta tambaye ni komai ba, ta yi ta bitar tarihi da sauri irin nata. Ina jin ƙarar tana fita daga abin kunnenta siririya, kamar wani gari mai nisa da ake ruwa a cikinsa.

Lahadi, 23 ga wata, bayan la'asar

Maigida ya ce gishiri ya dawo, har ya yi yawa.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe ɗaya

Takarda ta zo. An karɓi gyaran, za su rubuta da kansu, duka arba'in da bakwai. A sakin layi na biyu an cire sunana daga masu gwaji, kuma daga yanzu sai makaho ne zai sa hannu. Na karanta sakin nan sau biyu. Ya yi zafi, kuma daidai ne.

Ina cikin murna Injiniya ya kira. Ya ce yanzu in akwatin ya fito Gwaggo za ta karanta shi, amma sun ajiye shi a kan a'a, don kada wani ya aika da kuskure. Sai mutum ya matsa zuwa eh da kansa. Wato wanda ya danna sau biyu da sauri, ya buɗe akwatin ya kuma rufe shi da a'a, kafin Gwaggo ta buɗe baki. Ba abin da zai tafi. Kuma sabuwar manhajar tana kulle, ba za mu taɓa ta ba sai ranar.

Mako biyu ina zuba musu tak tak a yatsu. Saura kwana uku in kwashe.

Lauya ta aika wa ƙawarta saƙo nan take. Shugaba, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce shugabanni biyu ya riga ya kira wancan makon, zai sake kiransu.

Talata, 25 ga wata, bayan an tashi

Na kashe kwamfutoci. Na zama Gwaggo da kaina. Ina tsaye a gaba ina cewa aika, su danna madannan da ba wuta sau ɗaya, su ɗaga hannu sama, in ƙirga uku, sannan in karanta musu tambayar da muryar inji. Sun ce ban iya ba, Gwaggo ba ta numfashi.

Biyar sun kama. Dogo sau tara cikin ashirin yatsansa ya yi biyu. Shi ya yi wa abin kiɗa, shi ya fi kama shi. Ya daina wasa. Ya ce Malama hannun nan ba ya jin maganata. Na ce na sani, na san irin hannun.

Laraba, 26 ga wata, da yamma

Uku cikin ashirin.

Alhamis, 27 ga wata, bayan la'asar

Ba a bar malamai su shiga ba. Na zauna a kan dakalin baranda, masu sa ido biyu daga hukumar suka rufe ƙofa. Ba ruwa yau, sararin sama a wanke, gizagizai ƙanana suna wucewa a hankali kamar ba su da wurin zuwa. Ban san yadda awa biyun suka wuce ba. Na tuna na ga inuwar ginshiƙi a kan ƙafata, na sake dubawa ta koma kan matakala.

Dogo ne ya fara fitowa. Ya ce da ya zo kan aikawa ya danna da hagu, hannun daman kuwa ya zauna a kansa. Mai sa ido har ya tambaye shi ko ciki ke ciwo. An karɓa. Sauran huɗun ma an karɓa.

Lauya ce ta ƙarshe, daf da ƙararrawa. Ta tsaya a bakin ƙofa tana warware sanda, fuskarta a ɗaure. Na tambaye ta ko akwatin ya yi magana.

Ta ce ya yi, kamar abin ba komai ba. Gwaggo ta tambaye ta ko ta tabbata, ita kuma da ta ji tambayar sai ta ga ba ta tabbata ba. Ta zaɓi a'a, ta koma tambaya ta talatin da ɗaya, ta canza amsa, sannan ta dawo ta ce eh. Ta karanto mini tambayar daga ka, da amsar farko, da wadda ta canza zuwa.

"Wacce ce daidai, Malama?"

Na ce ta farko.

Ta tsaya cak. Ta buga sandar a ƙasa sau ɗaya, ta ce kai, ta san haka, wallahi ta san haka, me ya kai ta. Ta sauka matakala tana yi wa kanta faɗa, Dogo yana biye da ita yana cewa a kai ƙara kotu. Har suka kai bakin bishiya ina jin muryarta, ba ta ambaci kwamfuta ba, ba ta ambace ni ba, ita da talatin da ɗayanta kawai.

Na ɗan ƙara zama a kan dakalin kafin na tashi na je na taya mai gadi rufe tagogi.